Yadda Ake Gwanjon Tantabara a Waya Ba Tare da Hawan Jini Ba

A watan Nuwamba na 2020, a ƙasar Beljiyam, an yi gwanjon wata tantabarar tsere mai suna New Kim ta intanet, wani ɗan ƙasar Sin ya saye ta a kan Yuro miliyan 1.6. Tun daga ranar, duk mai akurki tsakanin Ƙofar Marusa da Ƙofar Guga a birnin Katsina ya daina yi wa tsuntsayensa kallon abin sha'awa, ya koma yi musu kallon jari. In kai ma zuciyarka ta fara raya maka haka, zauna ka ji.

Fara da hoto, don cinikin waya cinikin biri a sama ne, hoton shi ne birin. Ka ɗauka da hantsi, ka durƙusa ka hasko ta daga ƙasa yadda ƙirjinta zai cika fuskar waya. Ka kawar da yagaggen buhun gero da silifas ɗin banɗaki daga bayanta. Sannan ka tura murya cikin natsuwa irin ta manya: "Iyayenta daga waje aka kawo su." Ba ka yi ƙarya ba. Holan waje ce, Batagarawa ma wajen ganuwa take.

Sai ka jefa a guruf ɗin WhatsApp na masu kiwo, ka faɗi kuɗin farawa da lokacin rufewa. Kada ka rufe da magariba, kada ka rufe lokacin da ake kallon ƙwallo. Bayan isha'i ya fi, kuma a ƙarshen wata, don Katsina garin ma'aikata ne; tayin da ake yi ranar da albashi ya shiga daban yake da na tsakiyar wata.

Yanzu ka shirya karɓar baƙi. Akwai mai "Masha Allah", wanda bai taɓa taya ko ɗan shila ba amma shi ke fara magana a kowane gwanjo. Ka girmama shi, yana tara jama'a. Akwai wanda zai biyo ka ta bayan fage ya ce, "Malam, bar wannan hayaniyar, nawa ne gaskiyarta?" Ka ce masa albarka, ya koma cikin mutane. Sai babbansu, jarumin tsakar dare, wanda zai ninka tayin kowa da ƙarfe biyu, gari na wayewa ya ce yaro ne ya taɓa wayar. Yaran Katsina akwai basira: ba su iya rubuta sunansu ba, amma sun san inda ake sa waƙafi a 45,000.

Shaiɗan zai zo maka da shawarar ka sa ƙanenka ya riƙa ƙara kuɗi don ya zuga sauran. Malamai suna kiran wannan najashi, kuma hadisi ya hana shi. In tsoron lahira bai tsayar da kai ba, ka tuna na duniya: sauran za su iya yin shiru, ƙanen ya cinye gwanjon, ka tashi kana yi masa "Allah ya sa albarka" a bainar jama'a a kan tantabarar da shi ke ba ta ruwa kullum.

To, ka sallama. Saura kuɗi, kuma nan ne ake gane gwani. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin 200 da 500 da 1,000, har mai ƙosai ta koyi karɓar tiransifa, OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga bakin kowa. Sai dai hoton rasit ba kuɗi ba ne. Saƙon alat ma ba kuɗi ba ne, ana ƙera na bogi. Kuɗi shi ne ka buɗe asusunka da yatsanka ka ga ya ƙaru. In ya ce, "Wallahi Alhaji na tura, netwok ne," ka ce, "Ba komai ranka ya daɗe, ita ma tantabarar netwok take jira." Ku kuma gama maganar wanda zai ɗauki cajin mai POS tun kafin nan, don an sha ganin dattawa biyu sun ƙulla cinikin dubu hamsin lami lafiya, sun ɓata a kan ɗari biyu. In mai sayen daga Maraɗi yake, ku fayyace: naira ko sefa.

Aika kaya kuwa, kwali mai ƙwari za ka samu, ka huda shi ta kowane gefe, ka watsa ɗan gero a ciki. Ka rubuta lambar mai kaya da manyan baƙaƙe, amma kada ka rubuta farashi. Ka isa tasha da asuba, musamman a bazara, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40. A irin wannan rana, kwalin da aka cusa a but ƙarƙashin buhun albasa gasasshe ake saukewa. Ka roƙi direba ya ajiye shi inda iska ke shiga, ka ƙara masa na goro, ka karɓi lambarsa da ta motar, ka ɗauki bidiyon tsuntsuwar tana motsi. In Kano za a kai ta, kimanin kilomita 170 ce. Idan ka kira direban sau uku, duk ukun ya ce maka yanzu ya wuce Gidan Mutum Ɗaya, kada ka yi gardama. Ranka na hannun Allah, kayanka na hannunsa.

Abin da masu sayar da agogo da tsofaffin kuɗi ba sa fama da shi, kai za ka yi: hajarka ta san hanyar gida. Ka gaya wa mai saye ya kulle ta, ko ya rage mata gashin fiffike har ta yi ƙwai ta saba da wurin. Ba zai ji ba, zai sake ta don maƙwabta su gani. In ka wayi gari ka gan ta a kan katangarka tana gyara gashi, kada ka sake sa ta a gwanjo, 'yan guruf ba su goge hoton ba. Kira mutumin ka shaida masa kayansa sun iso lafiya, kuma kuɗin mota na biyu a wuyansa yake.