Kunnensa Garau, To Ina Ayar Ta Maƙale?

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki, don na ga yadda kuka gyara zaman hula. "Wai yaro yana ji amma ba ya ji? Ai taurin kunne ne, maganinsa na nan rataye a bayan ƙofa." Sannunku da aiki, likitocin dorina. Ku ɗan bar ta a inda take tukuna, ba guduwa za ta yi ba.

Yaron da nake nufi kun san shi. Ko leda uwarsa ta taɓa a ƙuryar ɗaki, daga tsakar gida zai ji ya sheƙo. Amma malam ya biya masa aya sau biyar ya ce maimaita, sai ya kawo farkonta da ƙarshenta, tsakiyar ta bi iska. Sin da sadi duk ɗaya ne a wurinsa. Ba abin da ya fi yawan fita daga bakinsa kamar "Na'am?" A kai shi gwajin ji, na'ura ta ce kunne lafiya ƙalau. Tangarɗar tana can ciki: sautin ya shiga, amma ƙwaƙwalwa tana jinkirin tantance shi da jera shi daki-daki, balle in ana hayaniya.

"Cutar Turawa!" in ji Kawu daga can baya. Kawu, rubutawa kawai suka riga mu. Wani Ba'amurke, Helmer Myklebust, ya yi bayanin irin waɗannan yara tun 1954. Mu kuwa tun kafin a haifi kakansa muna da su, sai dai mukan ce kansu ba ya ja, mu tura su gona ko kasuwa. Masana suna danganta wani ɓangare na matsalar da yawan ciwon kunne a ƙuruciya, irin mai tara ruwa a bayan dodon kunne, kuma galibi ba sa yanke hukunci a kanta sai yaro ya kai shekara 7. Kafin komai a duba kunnen. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana nan Kaduna, manyan asibitoci ma suna da sashensu.

"Mu ma ai cikin hayaniya muka yi karatu." Gaskiyarka, Alhaji. Zaure cike, wannan yana Sabbi, wancan yana Tabara, kowa na ƙure murya. Masu kunnen da ke iya tsamo muryar malam daga wannan guguwa sun sauke. Sa'o'inka nawa ne suka ƙare a Li'ilafi? Kai kanka, ranka ya daɗe, in na ce ka ja mana Amma yanzu ba tuntuɓe, na san za ka tuna ana jiranka a kasuwa. Masana harkar ji sun ce yaro yana bukatar muryar malami ta ɗara hayaniyar aji da kamar desibel 15. Je ka auna wannan a ajin da ke jingine da injin niƙa.

Ga inda za ku sha mamaki, Allah gafarta malam: rabin maganin yana hannunku tun kaka da kakanni. Allo. Yaro ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, yana kiran kowane harafi da sunansa, alu, ambaki, wau, zal. Ya ga ayar da idonsa, ya bi ta da yatsa, in ya tasa ya tsoma alƙalami a tawada ya rubuta da kansa, ya wanke ya sake. Wanda kunnensa ke zubar da kaya, ido da hannu su ɗauke masa. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na ajin da malama ke karantawa yara su amsa baki ɗaya. Zai yi wata uku yana motsa leɓe tare da jama'a, ba wanda zai gane sai ranar da aka ce ya tashi shi kaɗai.

Sauran magungunan kuwa ba sa cin ko sisi. A zaunar da shi gaba, inda zai ga bakin malam, don yadda leɓe da harshe ke motsi yana raba masa haruffan da kunne ya cakuɗa. A zaɓa masa lokacin shiru, bayan asuba, kafin rediyon maƙwabta ya farka. A gutsura ayar, kalma biyu ko uku, a dakata ya haɗiye kafin a ƙara. In ya ce "Na'am?" a sake faɗa a hankali yadda aka faɗa da farko. Daka tsawa ba ta ƙara komai, ai ba kurma ba ne. A kuma gaya masa abin da surar ke faɗa da Hausa: yaron da ya san labarin Abraha da giwarsa da tsuntsayen da suka tarwatsa rundunarsa ya sami igiyar da zai shanya ayoyin a kai.

A bar shi da Alƙur'ani guda, kada a riƙa canza masa. Bugun Madina shafi 604 ne, kusan kowane shafi layi 15, kuma irin wannan yaro da hoton shafi yake riƙe karatu: ayar nan tana sama ta dama. Abin da kuma iyaye ba sa lura da shi: da safe Warshu a makarantar allo, da yamma Hafsu a Islamiyya. Ga wani yaron wannan arziki ne. Ga namu, aya guda da ja iri biyu rikici ne. A tsayar da shi kan ruwaya ɗaya har ƙafarsa ta kafu.

Na ga Baban Yara ya zaro waya yana murmushi, wai ya huta. Ba ka huta ba. In za a sa masa karatu, a nemi irin na koyarwa da Husari ko Minshawi suka yi, mai tafiya sannu, a kashe talabijin, yana bi da yatsa a takarda, kai kuma kana zaune kusa.

"To a haka sai yaushe zai sauke?" Yauwa Gwaggo, dama ke nake jira. Alƙur'anin da kansa cikin shekara 23 ya sauka, kaɗan-kaɗan. Ke dai faɗi gaskiya: kin riga kin fitar da ankon walima, kuma ɗan kishiya ya shiga izu goma.