Alaska a Bayan Gari

A watan Maris, rana na dukan ƙeya, wani dillali ya kai ni bayan gari ya nuna min fili a rabin kuɗin na maƙwabta. Ƙasar duk ta tsattsage kamar faso. Na tambayi dalili, ya ce albarka ce take neman hanyar fitowa. Ko mai unguwa ban nema ba, na sayar da awakin uwargida na cika kuɗi, har na sa magina suka kafa ginshiƙai biyu da ƙofar ƙarfe.

Da Agusta ta kama, na goya uwargida a babur ta je ta ga arziki. Muka tarar da kududdufi. Ƙofata na tsaye a tsakiyar ruwa, garƙame da kwaɗo, kwaɗin gaske kuma sun kewaye ta suna ta waƙa.

"Malam, ina filin?"

"Yana daga ƙasa, Hajiya."

Da yake Turanci nake koyarwa, sai na gyara tsayuwa na buɗe aji. Na ce Turawa na da kalmar folly, wato gangancin da babba ya tafka ido biyu. A 1867 sakataren harkokin wajen Amurka, William Seward, ya sayi Alaska daga Rasha a kan dala miliyan 7.2, masu ba'a suka ce ya sayo ƙanƙara, suka laƙaba wa cinikin wautar Seward. Ga shi an haƙi zinariya a Nome a 1899, an gano mai a Prudhoe Bay a 1968.

"Shi mutumin ya ga man?"

"Ya rasu tun 1872."

"Da kuɗin wa ya saya?"

"Na gwamnati."

"Ashe ba da awakin matarsa ba."

Ban karaya ba. Na ƙara mata cewa da kalmar ake kiran ginin da attajiran Ingila na ƙarni na 18 ke yi a lambu don ado kawai, hasumiya ko kango na gangan, babu mai kwana a ciki. Ta dubi ƙofar ta ce to wannan fannin kam na kamo su.

Na naɗe wando na shiga don in ceto kwaɗona. Taku uku, laka ta haɗiye takalmi. Wani yaro mai fatsa ya ɗaga murya: "Baba, don Allah fita, kana kora mana tarwaɗa. Wurin nan da mai shi!"