Bayanin Masu Kokafu da Ɗabaƙoƙinsu

Tun da Allah ya ƙaddara mini zama a wani gari na Ingila, inda hanyata ta zuwa aiki take ratsawa ta wani dandali mai ciyayi da manyan itatuwa, na daɗe ina lura da wani ɗan kare mai nannaɗaɗɗen gashi, mai kunnuwa a zube kamar na tumakin Balami, launinsa kuwa kamar zumar da aka ɗaga wa rana, wanda da wuya mutum ya zaga dandalin nan sau ɗaya bai yi kiciɓis da irinsa ba. Sunansa kokafu. Ruwa biyu ne, domin iri biyu aka haɗa: koka sifaniyel, wanda maharban Ingila suke tayar da tsuntsu daga cikin ruƙuƙi da shi, da fudul, wanda aikin kakanninsa shi ne ɗauko agwagwar da aka harbo ta faɗa ruwa. A Amurka ya fara shahara wajen shekarun 1960, daga baya ya ƙetaro teku. Ga shi dai jikan mafarauta ta uwa da ta uba, amma yau farautarsa ba ta wuce safar maigida da takalmin baƙo ba.

Shi karen halinsa ɗaya ne ko'ina: zumuɗi, da son mutane, da ƙin kaɗaici. Masu shi ne Allah ya halicce su ɗabaƙa-ɗabaƙa.

Na farkonsu masanin nasaba. In ka yi kuskure ka ce masa karen nan yana da kyau, to, ka buɗe wa kanka darasin da ba shi da ranar sauka, domin nan take zai sanar da kai cewa nasa F1 ne, wato uwa koka tsantsa, uba fudul tsantsa. Na wancan mutumin F1b ne, wanda aka sake mayarwa ga fudul don gashi ya ƙara nannaɗewa. Na maƙwabcinsa kuwa, a nan sai ya rage murya kamar mai ambaton abin kunyar dangi, F2 ne, kokafu ya haifi kokafu. Zai jero maka sunan uwa da na kaka, da takardar gwajin da aka yi wa uban don tabbatar da ba ya ɗauke da ciwon makanta na gado, yana yi wa kakannin kare jarahi da ta'adili kamar mai tace isnadin hadisi. Abu guda ne ba ya so a tuna masa, shi ne ƙungiyar Kennel Club, wadda aka kafa a 1873, take kuma riƙe da littafin nasabar karnukan Ingila, ba ta lissafa kokafu cikin masu asali ba, saboda haka a babban bikin Crufts da ake yi a Birmingham kowane watan Maris, karensa ba shi da shiga fagen da ake zaɓen gwanin kowane iri. Na taɓa tuna masa haka cikin ladabi. Mako biyu muka yi ba ya amsa gaisuwata.

Sai wadda ta sayi launi. Ita wannan ba kare ta nema ba, zinariya ta nema, ta yi watanni tana jiran haihuwar da za a sami mai ruwan da ya dace da labulen falonta, ta kuma biya ƙari a kansa. Abin da mai sayarwa bai tsaya ya bayyana mata ba shi ne, da yawa daga cikinsu sun gaji koɗewar launi daga wajen fudul, ta yadda ɗan kwikwiyon da aka kawo ja-jawur kamar manja, kafin ya cika shekara biyu sai ya koma kalar kunun gyaɗa. Ganin kitse ta yi wa rogo. Wannan ma da sauƙi. Gashin kokafu yana bukatar taza kusan kullum, da zuwa wajen wanzamin karnuka duk bayan mako shida zuwa takwas, ita kuwa saboda tsananin son tsawonsa sai ta yi ta jinkirta askin, tana shafa sama-sama, alhali can ƙasa, bayan kunnuwa da hammata, ya riga ya dunƙule kamar daddawa. Ranar da ta kai shi, wanzamiya ta cusa matajin ƙarfe ya ƙi wucewa, ta ce babu makawa sai an kwashe duka. Na gan su da yammacin ranar: ita tana tafe fuska a murtuke, tana waige-waige kada wani ya gane ta, shi kuwa an yi masa ƙwal-kwabo, siririn wuya, ƙafafu kamar sillen kara, yana tsalle yana murna da iskar da bai taɓa ji a fatarsa ba.

Wanda na fi tausaya wa shi ne maigidan da ya rantse. Shekara guda 'ya'yansa suna roƙo yana cewa muddin yana numfashi kare ba zai kwana a gidansa ba, suka yi alkawari har da rubutu a takarda, suka liƙa a jikin firiji, cewa su za su ciyar, su za su fitar, su za su wanke, uwargida kuma ta sa baki, har ya sassauta bisa sharuɗɗa uku: ba hawa kujera, ba hawa bene, ba shiga ɗakin barci. Alkawarin yaran bai kai wata ba ya bi ruwa. Tun 2016 doka ta wajabta a dasa wa kowane kare wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa ƙarƙashin fatar wuya, wadda lambarta take nuna mai shi, kuma sunan maigida aka rubuta. Inshorar asibiti daga albashinsa take fita. In kare ya yi ba-haya a hanya ba a kwashe ba, shi hukuma za ta ci tara. Don haka duk asuba ta hunturu, cikin duhu da yayyafi, za ka same shi tsaye ƙarƙashin fitilar titi, ya cusa hannu cikin 'yar baƙar leda, yana jiran mai martaba ya zaɓi wurin da ya yi masa. In ka tambaye shi sai ya ce ai na yara ne. Amma matarsa ta shaida wa matata cewa da dare a ƙafafunsa karen yake kwana, kuma in ya zaci ba mai ji, yakan yi masa magana da muryar da bai taɓa yi wa 'ya'yan cikinsa ba.

Akwai mai atishawa, wanda aka gaya wa cewa kokafu ba ya zubar da gashi, don haka ba ya tayar da mura, alhali abin sa'a ne, wani ya ɗauko fudul, wani ya ɗauko koka. Shekara uku ke nan idanunsa jawur, yana ɗora laifin kan furannin bazara har a tsakiyar hunturu. Akwai kuma wadda take kiran kanta mamansa, tana yi masa bikin zagayowar haihuwa, ta saya masa rigar ruwa da ta sanyi. Ita ba ni da ta cewa a kanta, don ba ta cuci kowa ba.

'Yan zamanin kulle kuwa jama'a ce guda. A 2020, da annobar korona ta tsare mutane a gida, sai kowa ya tuna yana bukatar abokin hira, farashin ɗan kokafu ya haura fam dubu biyu, ɓarayin karnuka ma suka sami sana'a. Karen ya tashi bai san gida ba kowa ba ko na sa'a ɗaya. Da aka koma ofis sai ya shiga kuka tun safe, yana huce haushinsa a kan matashin kujera, shi kuwa mai shi ya kafa kyamara a falo, yana zaune cikin taro yana kallon ɓarnar a wayarsa, ba halin tsawatawa. Waɗansu sun yi haƙuri sun horar, waɗansu sun ɗauki mai yawo da kare suna biyansa, waɗansu kuwa suka sallama nasu ga gidajen karɓar karnuka irin na Battersea da ke Landan, wanda yake wannan aiki tun 1860.

Ɗabaƙar da nake da ƙorafi a kanta ita ce ta masu cewa wasa yake. Wata Jumma'a na fito cikin farin kaftani mai guga, sai na hango abu kamar dunƙulen zinariya ya nufo ni a guje, mai shi tana can nesa da igiya a hannu tana ƙwala kira, shi kuwa kamar ana ƙara zuga shi. Kafin in yi a'uziyya ya dafa ni da ƙafafu biyu, ya buga mini hatimi a ƙirji. Ta iso tana haki ta ce, "Kada ka ji tsoro, ba ya cizo, son mutane gare shi!" Na ce, "Baiwar Allah, ai na ga alama." A mazhabarmu ta Malikiyya akwai rangwame, domin kare mai rai jikinsa da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai ma malamai suka ce ta'abbudi ne; to, amma wannan bawan ya riga ya yi birgima cikin kashin yanyawa, wanda shi ne turaren da kokafu ya fi ƙauna a duniya, shi kuwa kashin yanyawa ban san malamin da ya yi masa rukhsa ba. Na koma gida na sake tufa, na tarar da liman a huɗuba ta biyu.

Saura wani dattijo da matarsa ta rasu, 'yarsa ta kawo masa kokafu don ya riƙa fita. Bai san F1 ba, bai damu da launi ba, aljihunsa cike da gutsattsarin biskit. Mutanen ƙasar nan suna iya shekara goma bango ɗaya ba su san sunan juna ba, amma in da kare a tsakani sai ka ga sun tsaya, a tambayi shekarunsa, a tambayi lafiyar kunnensa, daga nan a gangaro kan ciwon gwiwar mai shi. Dattijon nan kafin ya zaga dandali sau ɗaya ya gaisa da mutum goma, duk sun san sunan karen, ba wanda ya san nasa, shi kuma bai ga laifin haka ba. Ni ma ta wannan hanya muka saba, ko da yake na gindaya sharaɗin a riƙe igiya.

Saboda haka, ɗan'uwa, in tafiya ta kawo ka Ingila aka gayyace ka cin abinci a gidan da ke da kokafu, ka faɗi uzurinka tun a waya, za su rufe shi a kicin ba tare da jin haushi ba. Ka sa tufa mai duhu, ka ɗora takalminka a kan kanta, kada kuma ka zauna a kujerar da ke bakin taga, tana da mai ita.