Raita Mai Gudu Hamsin da Biyu

A shekarar 2004 ina da wani ɗan shago a lungu, kusa da Ƙofar Wambai a Kano, wanda faɗinsa bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Jarina kaf shi ne kwamfuta Pentium III 'yar gwanjo, wadda ta cinye ƙuruciyarta a wani ofis a Turai ta zo yin ritaya a hannuna, sai fanka, sai janareta da ba ya tashi sai an haɗa da addu'a. Masu ɗaukar bidiyon biki ke kawo mini aikinsu ina juye musu a faifan VCD. Lokacin kaset ya fara tsufa, duk gidan da ke da rufin asiri za ka ga 'yar na'urar faifai a kan talabijin, an lulluɓe ta da kyalle mai ado.

A cikin kwamfutar akwai raita, wato abin da ke rubutu a kan faifai, mai gudu 8x. Lambar ba ta da wani sirri. Gudu ɗaya shi ne saurin da faifan waƙa ke tafiya idan ana saurarensa, kilobayit 150 a daƙiƙa, don haka faifai mai cin minti 80 sai ya ɗauki minti 80 cif kafin a cika shi. Tawa ta ninka wannan sau takwas, a minti goma da 'yan kai take sallamar faifai. Minti goman nan kuwa sun zame mini jiki. In sa faifai, in danna, in aika a karɓo mini shayi, in leƙa wurin tela maƙwabcina mu yi musu a kan Kano Pillars, in dawo in tarar raita ta zaro harshe tana jirana. Ban taɓa jin ana cutata ba.

Sai ranar da wani yaro da ni na koya wa riƙe linzamin kwamfuta, wanda ya buɗe nasa shagon a bayan layi, ya shigo da kwali a hammata. Ya dubi kwamfutata kamar mai gaida marar lafiya, ya ce, "Oga, har yanzu da wannan kunkurun kake fama?" Ya juyo mini da kwalin. An rubuta 52x da jan rubutu, ƙato, har da zanen walƙiya a gefe.

Daren nan ban runtsa ba. Na ɗauko biro da bayan kwalin sabulu. Hamsin da biyu a raba da takwas, shida da rabi. Ke nan abin da nake samu a wata shida da rabi zan same shi a wata guda. Tamanin a raba da hamsin da biyu, minti ɗaya da rabi, kafin mai shayi ya gama sheƙa kofi guda na fitar da faifai. Kafin asuba na sayi fili a Hotoro, na gina, na sa haya. Abu ɗaya ne bai shiga lissafin ba, kuma uwargida ce ta gano shi da safe, lokacin da nake lallaɓa ta a kan kuɗin adashinta.

"Maigida, faifai nawa kake yi a rana?"

"Goma. In kasuwa ta yi kyau, sha biyu."

"To mutanen da za ka yi wa saurin, suna ina?"

Na ce mata harkar kwamfuta ba harkar ƙosai ba ce. Ta miƙo kuɗin ba ta ƙara ko uffan ba, irin shirun nan da ya fi zagi ciwo.

Na je Sabon Gari na dawo da kwalina a hammata, na bi ta bayan layi don a gan ni. Injiniyan da ke mana gyara ya ɗaura ta, na buɗe Nero, manhajar da kowa ke aiki da ita a lokacin. Jamusawa ne suka yi ta, suka laƙaba mata sunan sarkin nan na Rum da ake zargi da cinna wa birninsa wuta a shekara ta 64. Mai hankali zai ɗan tsaya ya yi tunani a kan wannan suna. Ni dai na zaɓi 52x na danna.

Raita ta yi gurnani, ta ɗauki kuka kamar jirgin alhazai zai tashi, tebur na rawa, tela ya leƙo. Can sai ta yi shiru. Ta sake tashi. Ta sake yin shiru. Da ta zaro harshe na dubi agogo: minti tara.

Injiniya ya shafa gemu ya ce ai raita injin niƙa ce, in ba a zuba mata hatsi a kan kari ba dole ta tsaya. A gudu 52 tana neman kusan megabayit takwas kowace daƙiƙa, tsohuwata kuwa da cokali take ba ta. Ya ce ma in gode wa Allah, domin raitocin da aka yi kafin 2000 ba su da haƙuri, da zarar abinci ya yanke faifan ya tashi daga aiki. Sababbin ne aka koya wa tsayawa su jira. Magani? "Pentium 4, Oga. Doki mai kyau sai da sirdi mai kyau."

Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Na sayar da babur ɗina Jincheng, na haɗa da kuɗin tsohuwar kwamfutar, wadda yaron bayan layi ya saya yana wani tausaya mini. Sai bayan wata biyu ya gaya mini, yana dariya har da riƙe ciki, cewa lafiyarta lau. Wani saiti ne da ake kira DMA yake kashe, ya kunna shi da danni biyu, ta ciyar da raitarsa har ta ƙoshi.

Sabuwar kwamfuta dai ta zo, kuma a gaskiya ta yi mini rana a wuri guda: mayar da bidiyo ya zama irin wanda VCD ke karantawa, aikin da dā nake barin tsohuwar a kai in tafi sallah in ci abinci in dawo. Ashe nan ne lokacina yake zurarewa tun farko, ba a wurin raita ba. Amma ni idona na kan hamsin da biyu. Na danna, na riƙe agogo. Minti biyu da daƙiƙa arba'in.

Ina minti ɗaya da rabina? Na zuba wa allon ido a faifai na gaba, na ga abin da idona. Gudun ya fara ne daga ashirin da 'yan kai, yana hawa a hankali kamar tsoho a matakala, bai taɓa 52 ba sai ana dab da gamawa. Dalili kuwa, faifai daga tsakiya ake fara rubuta shi, a bi layi ɗaya mai nannaɗe har baki, layin da in an warware shi ya haura kilomita biyar. Injin yana juya faifan wajen sau dubu goma a minti, ba ya iya wuce haka sosai don kada robar ta tarwatse. Zagayen ciki ƙarami ne, abin da ake rubutawa a juyi guda kaɗan ne, sai an kai baki zagayen ke faɗi. In faifan rabi ka cika, har ka gama ba za ka ga 52 ba. Kamar direban da ya rantse maka motarsa na gudu ɗari da arba'in, amma ba ya kaiwa sai a ƙofar tashar da zai sauke ka. Na sake ɗauko biro, wannan karon jiki a sanyaye. Daga 8 zuwa 16 mutum ya rage minti biyar. Daga 16 har 52, da duk kukan jirgin, kusan minti uku kacal.

Duk da haka na ce ba komai, ranar babban aiki na nan zuwa. Ta kuwa zo. Wani Alhaji ya aurar da 'yarsa, aka ba ni faifai sittin na rabon dangi da abokan arziki. Don riba ta yi kauri na sayo faifai marasa suna, irin na sanda, masu arha kamar ƙasa. Na tuɓe riga na hau aiki. Wajen na ashirin ne na sa wani mai ɗan tsagu a tsakiya ban lura ba. Raita na kaiwa ƙololuwar kukanta sai ji muka yi tau! Tela ya shige ƙarƙashin kekensa, mai shayi ya bar tukunya ya yi ta kansa, ni kuwa na samu kaina a waje ba takalmi ina salati. Injiniya ya zo ya kwance raita ya zazzage ɓaraguzai kamar mai sheƙe gero, ya mayar. Kafin la'asar na gama sittin ɗin, na kai da hannuna, ina tafe ina jin kaina.

Kwana uku tsakani mota ta tsaya a bakin lungu. Alhaji da kansa, direba na biye da kwali.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe."

"Kai ne mai faifai?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kunna mu gani. Ba a kwamfutarka ba, a irin na'urar da mutane ke da ita."

Aka aro ta tela. Farkon faifai lafiya lau, kamu ya wuce, wuni ya wuce. Sai aka zo ƙarshe, wurin dina, daidai bakin faifai inda raitata ta kai hamsin da biyun da na sayar da babur dominta. Mawaƙi ya wasa Alhaji, Alhaji ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya zura hannu a aljihu zai yi liƙi. Hoto ya tsaya cak. Fuskarsa ta farfashe gida-gida, hannu na cikin aljihu. Muka jira. Fanka na juyawa. Hannun bai fito ba.

"A gida sittin," in ji Alhaji, murya ƙasa-ƙasa, "har da na surukaina a Zariya, hannuna bai fito daga aljihun nan ba."

Daga baya ne na fahimci abin da ya faru. Raita da ɗan siririn haske take ƙona tabo a kan wani rini da ke jikin faifai. In ana gudu, hasken ba ya samun zama, in kuma rinin na banza ne sai tabon ya fito dishi-dishi. Kwamfuta mai kaifin ido ta daure ta karanta, amma 'yar na'urar kan talabijin sai ta tsaya tana lalube. Na tambayi injiniya mafita, ya ce, ko kunya babu, "Ai in VCD za ka yi wa mutane, Oga, sayi faifai mai kyau ka sa ta a 8."

Haka na sayo faifai sittin masu suna da kuɗina, na sa sabuwar raita a cikin sabuwar kwamfuta a gudu 8, minti goma sha ɗaya kowanne, awa goma sha ɗaya cur. Rabin aikin a janareta na yi shi, don an ɗauke wuta tun azahar. Uwargida ta aiko mini da tuwo shago, da saƙon cewa in ci a hankali, kada in yi sauri.

Lalatattun ba su yi asara ba. Surukina ya kwashi arba'in ya kai gonarsa ta shinkafa a Kura ya rataye a igiya, ya ce bai taɓa samun abin korar tsuntsu irinsu ba, har yana tambaya ko zan ƙara yin wasu. Sauran kuwa 'yan acaɓan layinmu suka rabe, suna maƙalawa a bayan babur don walƙiya da dare. Wata safiya na tsayar da ɗaya zai kai ni shago, ina ɗaga ƙafa zan hau na ga faifai a ƙasan lamba, da rubutun hannuna a jiki. Na dubi tankin mai, na ga lotsawar da na yi masa bara. Yaron ya waigo ya ce, "Malam, hau mana, sauri nake."