Zuwa Ga Mai Gidan Duro Na Ƙofar Kibo

Malam Bazazzagi, bawana na kaina, ina gaisuwa. Kada ka tashi, zauna yadda kake, yau ubangidanka ne ke magana.

Ranar Asabar ɗin da na zo ɗaurin aure Zariya, na biyo ta Tudun Wada na shigo Ƙofar Kibo don in sha ruwa a gidanka. Ruwan ban sha ba, dalilin yana tafe. Ina yin sallama a zaure sai na ji wani amo yana tashi daga kangon da kake kiwon tumaki, kamar ana buga tambari a ƙofar fada. Na ce a raina, ashe Malam ya samu sarauta bai gaya wa Kano ba. Da na leƙa, sai ga kare a cikin duro. Shuɗin duron roba mai cin lita 200, an fafe masa baki, an kwantar da shi a tsakiyar rana, kare yana ciki harshe waje yana haki, kai kuma kana tsaye kana gyara rawani kamar wanda ya gina Ganuwar Amina.

Na tambaye ka, kare ne ko karya? Ka ce, "Shi ne." Na duba da kyau na ga nonuwa jere. Laifina ne da na tambayi mutumin da ke cewa "matana ya tafi unguwa". A bakinku namiji da mace duk ɗaya ne, sai ranar da ya haihu.

Ban zo in yi maka fatawa a kan ajiye kare ba, na san ka riga ni shiri. Tun kafin in buɗe baki ka jawo mini hadisin da ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, ka ce tun da aka sace maka rago gab da layya ka shiga cikin waɗanda aka yi wa uzuri. Ka ƙara da labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risalar da kuke haddacewa a zaurukan Kona da Juma: katangar gidansa ta faɗi, ya ajiye kare, da aka tuna masa Imamu Malik bai so haka ba, ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da abin da ya fi kare ma zai ajiye. Na yarda, ka karanta. Amma Malam, shafin da ka tsallake shi ne na matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya ɗebo ruwa a rijiya ya shayar da kare. Wannan babin ma a littafinku yake, ko gara ta cinye shi?

Yanzu ga dalilin da ban sha ruwa ba. Duron nan na uwargida ne. A garin da famfo ke zuwa kamar baƙon shekara, inda mai garuwa ya fi mai unguwa daraja, ka kwashe ruwa ka zubar ka sa kare. Na ji ta daga cikin gida tana cewa a gaya wa baƙo ya yi haƙuri, randa ta ƙafe. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba: ka huta da ɓarawon rago, ka koma sayen jarka kullum safiya.

Ba na ce dabarar banza ce ba, kada ka yi murna da wuri. Mafarauta a Amurka sun daɗe suna kwantar wa karnukansu duro, wasu na roba, wasu gangar katako. Ta katakon ta fi sanyi da rana, amma yawancinta giya aka taɓa adanawa a ciki, kuma ban so a ji ƙamshinta a gidan mai karantar da Ahalari. Har a ƙasar Girka ta dā an yi wani masanin falsafa, Diyojinis, da ya tare a cikin ƙatuwar randa a birnin Atina, mutane suna kiransa kare. Da a Zariya ya yi wannan, da kun ba shi aji a Samaru. Abin da ya bambanta su da kai, su sun san yadda ake yi.

To buɗe kunne, Bakano zai koya maka kyauta, abin da ba mu saba ba. Duron nan kafin ya zama na ruwa, wani abu ya ɗauko daga waje, galibi sinadarin masana'antu. Uwargida ta wanke nata shekaru, amma idan za ka sayo wani a kasuwa, ka tambayi abin da ya zauna a ciki, ka wanke da sabulu har warin ya mutu. Na ƙarfe kuwa kada ka kusance shi: a watan Maris da Afrilu tanda ne, da hunturu kuma ƙanƙara, kuma sanyin Zariya kai ka fi ni saninsa, tunda ku ne ke kwana da rawani. Bakin da ka fafe ya bar kaifi kamar aska, ka goge shi ko ka lulluɓe da tsohuwar tayar keke. Ka huda ƙananan ramuka a ƙasa don ruwa da fitsari su tsiyaye, wasu a sama ta baya don iska ta ratsa, domin roba ba ta numfashi, zufa take yi. Ka ɗaga shi daga ƙasa a kan bulo. Ka juya bakinsa ya bar gabas, tunda ta can hadari ke tasowa, ta can kuma iskar hunturu ke kaɗowa. Sannan inuwa, Malam, inuwa. Garinku har unguwanni aka raɗa wa sunan rimi, Rimin Doko, Rimin Tsiwa, amma karenka ko darbejiya bai samu ba. A shimfiɗa masa buhu ko ciyawa, a riƙa canzawa, in ba haka ba kaska da ƙuma za su tare, daga nan su wuce kan tumakin da aka kawo shi ya tsare.

Maganar tokare shi da dutse ba sai na yi ba, Allah ya riga ya karantar da kai. Autanka ne ya ba ni labari, a kan alewar naira hamsin. Wai daren da aka yi ruwan farko, iska ta ɗauki duro da mai gadi a ciki, ya gangara ta ƙofar kango ya bi lungu yana juyi, kare na kuka, kai kana binsa da zanen kwana da tocila kana salati. Maƙwabta suka fito da sanduna suna zaton ɓarayi ne, sai ga Malam yana kokawa da duro a bakin kwata. An ce da ya fito ya yi tafiyar mashaya har asuba. Sarauniya Amina ta ci garuruwa da yaƙi, jikanta ya kasa cin duro guda.

Akwai wadda ba wasa a cikinta. Na tambaye ka allura, ka ce ka yi masa tofi. Ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi, kuma yana yawan kama yara, su da ke wasa da karnuka. Tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa mutum rigakafinsa a Faransa. A nan gida cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin ta karnuka, ga kuma asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, kuɗin mota kaɗan daga ƙofarka. Kanawa ma can muke turo 'ya'yanmu su koyi likitancin dabbobi, ku da abin ke gindinku kuna tofi. Ka kai shi, kuma ka maimaita duk shekara. In ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa nan take, a nufi asibiti, ba a tsaya neman gashin karen a ƙona ba.

Saura suna. Da na ji kana kiran "Sai-Riba! Sai-Riba!" na ɗauka wani Bakano ne ya zo karɓar bashi. Ashe mu ka yi wa habaici da karyar. Na gode. Amma ka lura, duk gidan ita kaɗai ke aiki dare da rana, ita kaɗai ta san abin da ya shigo da abin da ya fita, don haka sunan ya dace. Kuma ba a banza na kalli cikinta ba. Idan ta haihu, 'ya'ya biyu nawa ne, mafarautan Kano suna biya da kyau.

Ina nan tafe ranar cika-ciki karɓar kuɗin shara. Ka tanadi sabon duro na uwargida cike da ruwa, don wannan karon sai na sha. In na tarar da Sai-Riba a rana, kai zan sa a ciki in gangara da kai har Ƙofar Doka.