'Yan Gasar Kimiyya: Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi

Da zarar takardar gasar kimiyya ta iso ofishin shugaban makaranta, ko ta ƙungiyar JETS ce ko kacici-kacicin da kamfanin mai na NNPC ke shiryawa, sai ɗakin gwaje-gwajen da ya yi watanni a garƙame ya samu baƙi. Ana kaɗe ƙura, halin kowa yana fitowa fili.

Na farkon zuwa shi ne Gardi. Ya haddace sinadarai ashirin na farkon jadawali, daga haidurojin zuwa kalsiyam, yana kuma cika bakin zai kai 118 kafin Juma'a. Yana bita yana rangaji kamar mai tilawa. Aibinsa ɗaya: in aka katse shi a na goma sha ɗaya, ba ya iya ɗorawa daga sodiyam, sai ya koma farko, alhali agogon alƙalai ba ya jiran kowa.

Sai Bakanike, wanda babu rediyon da ta tsira a gidansu. Aljihunsa cike yake da waya da mataccen batir. Bana ya rantse zai kunna wuta da lemon tsami, kuma ba tatsuniya ba ce: a soka ƙusa mai rufin zinki da wayar tagulla a jikin lemo, za a samu kusan bolt ɗaya. Ɗan jan ƙwan LED kuwa yana neman wajen biyu, don haka sai an jera lemo uku ko huɗu. Nan ne gizo ke saƙa, domin ana juya baya wani ya matse biyu a kwaɗonsa. Da abin ya ishe shi sai ya koma haɗa gas ɗin girki da kashin shanu a jarka. Ƙwayoyin halittar da ke wannan aiki makonni suke ɗauka. Shi kuwa ana saura kwana uku ya fara. Gas bai zo ba, amma wari ya riga kowa isa ofishin malamai.

Hajiyar Turanci ba ta taɓa waya, ba ta taɓa jarka. Nata bayani ne. Ta san labarin 'yan mata biyar na makarantar Regina Pacis ta Onitsha da suka ci zinare a gasar Technovation a Amurka a 2018, da manhajar gano jabun magunguna, har ta fara tambayar yadda ake yin fasfo. Jawabinta na tafiya sumul har sai wani alƙali ya ɗago kai ya ce, "To, me ya sa ya yi hakan?" Sai ta waiga wajen Bakanike, shi kuma ya duƙufa neman wani abu a ƙasa.

Malamin da ke horar da su makaminsa tsoratarwa. Tun 1977 Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma da su yake razana yara: "Ku yi ta barci, su can idonsu biyu."

A kusurwa akwai Shiru-shiru, wadda ta zo da tukwanen ƙasa biyu da buhun yashi, aka yi ta dariya. Ta saka ƙaramar cikin babbar, ta cike tsakani da jiƙaƙƙen yashi, ta rufe da danshin tsumma. Ruwan na tsanewa yana janye zafi, tumatirin ciki yana shan sanyi. Da wannan dabarar malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya karɓi lambar Rolex a 2000, bayan ya nuna gauta na iya kwana 27 maimakon uku. Ita kaɗai ke da littafin da take rubuta ma'aunin zafi safe da yamma, kuma abin da alƙalai ke fara nema ke nan. A ganina ita ce tawagar. Sauran 'yan amshi ne.

Saura Ɗan Rakiya. Bai halarci bita ko sau ɗaya ba, amma ranar tafiya tun asuba yana gidan gaba na bas, takalmi ya sha gogewa, yana tambayar direba ko a can shinkafa da kaza za a ba su.