Laifin Akwatin Ne, Ba Na Mai Dannawa Ba

Ina so in wanke duk bawan Allahn da ya taɓa zama gaban tsohuwar kwamfutar ofis, irin 'yar kwatanon nan mai Windows 7, da niyyar saka mata Python, ya tashi ya bar ta a rikice. Ba wai abin ya shafe ni ba ne, a'a, kishin gaskiya ne kawai. Tun farko an ɗana wa mutum tarko. Python 3.9 da ya fito a 2020 ba ya hawa Windows 7, dole a koma 3.8. A ƙasan shafin farko na sakawa akwai ɗan gurbin da ake dannawa don a ƙara shi cikin PATH, wato jerin wuraren da kwamfuta ke leƙawa idan an kira sunan manhaja. Gurbin ba a danne yake zuwa ba, ido kuma ba ya kai masa. An gama, an buɗe baƙar tagar umarni, an rubuta python, sai ta ce ita ba ta san wannan suna ba.

Daga nan sai gyara da hannu, kuma a nan mai laifin yake. Windows 7 na nuna dukan jerin nan a cikin akwati mai layi ɗaya tak, kamar a ce ka karanta wasiƙa ta ramin makulli. Kana buɗe shi, rubutun ciki gaba ɗaya ya yi shuɗi, ma'ana an zaɓe shi. Mutum ya kwafo adireshin Python, ya liƙa, ya danna OK. A dubi daƙiƙar nan da kyau. Yatsa ya sauka, akwatin ya rufe, sai a lokacin ƙwaƙwalwa ta tuna cewa layin da ta gani ɗazu dogo ne, wanda ta gani yanzu kuwa guntu. Babu tambaya, babu gargaɗi, babu "ka tabbata?", alhali kwamfutar nan ko hoto za ka goge sai ta tambaye ka. A sake duba ta: yatsa, OK, shiru, sai zufa ta karyo ta bayan kunnen hagu (haka dai aka ba ni labari). A buɗe sabuwar taga, Python ya amsa da fara'arsa. A rubuta ping, ba ta san shi ba. A rubuta ipconfig, ba ta san shi ba. An yi baƙo an kori 'yan gida.

Za a ce ai da ya karanta bayani. Bayanin cewa ya yi a ƙara, bai ce akwatin a shirye yake ya haɗiye komai ba. Za a ce ya sayi sabuwar kwamfuta, tunda Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020. Mai wannan magana ya fara leƙa kasuwa ya ji farashi tukuna. Babbar hujjata ita ce Microsoft da kanta ta sauya akwatin a Windows 10, ta mayar da shi jeri, kowane adireshi da layinsa. Ba a gyara abin da ba shi da aibi.

Saura mai ba da shawara, wanda ba ya taɓa rasuwa a irin wannan lokaci. Yana tsaye a bayanka, hannu goye, yana tauna goro. Farko ya ce, "Malam, ƙura ce, a hura mata iska." Ya kasa kunne jikin akwatin injin, ya ce fankar ce ta gaji. Ya ba da labarin talabijin ɗinsa da ta warke da mari ɗaya. Sannan ya kawo babbar fatawa: "Yallaɓai, rufe komai, ka kashe ta ka kunna." Abin da bai sani ba, tsohuwar tagar umarnin da aka buɗe kafin ɓarnar tana riƙe da tsohon jerin cif, umarni ɗaya zai fito da shi a kwafe a mayar. Ana kashewa ya tafi. Kwamfutar ta tashi da kiɗanta, shi kuma ya gyara hula ya ce, "Ka gani ko? Ai ga ta ta kawo."

Mai karatu, kafin ka taɓa PATH, kwafe shi cikin Notepad, sannan ka aiki mutumin nan sayen shayi.